Sunan Ɗan Fari a Jerin Manazarta

Na haura hamsin lokacin da na koma karatu. Shekaru kusan talatin ina koyar da lissafi a wata firamare a Dinawa, kullum da safe in taso daga Wurno, ga ritaya ta fara leƙo ni. Na ce kafin in ajiye alli sai na riƙe takardar digiri na biyu, ko da amfaninta bai wuce a rataye ta a bango ba. Na yi darussa, na ci jarrabawa, na rubuta kundi. Sai aka ce saura abu ɗaya: ba a ba mutum takardar sai ya fitar da maƙala a mujallar ilimi. In babu maƙala, babu digiri.

Wannan bai ɗaga mini hankali ba, domin abin rubutawa ina da shi. Yaran Dinawa ba sa ƙaunar jadawalin sau. In ka ce shida sau bakwai, sai su zuba maka ido kamar ka yi Faransanci. Amma babu yaron da bai taɓa tsugunnawa a fangalin albasa yana dashe ba. Don haka nakan fitar da su waje, kowa ya zana fangalinsa a ƙasa, ya jera tsakuwa layi shida, kowane layi bakwai, sannan in tambaye shi tushe nawa ya dasa. Kafin in rufe baki sun ba ni amsa, har da mai gaya mini na matse dashen da yawa. A kan wannan na rubuta shafi goma sha biyu da Turanci, na aika wa mujallar wata kwaleji.

Suka turo mini takardar ƙa'idojinsu, shafi huɗu, duk a kan yadda ake ambaton waɗanda aka ɗauko magana daga wurinsu. Ni duk zamana na ɗauka waƙafi wurin shan iska ne ga mai karatu, ashe wasu a kansa suke cin abinci. A cikin rubutu, in ka kawo maganar wani, sai ka sa sunansa na ƙarshe da shekara a cikin baka biyu. A ƙarshen maƙala kuma sai a jera kowa da kowa bisa tsarin abacada, wannan shi ne jerin manazarta. Sunan ƙarshe, waƙafi, harafin farko na sunan yanka, aya, shekara, wata ayar. Sunan littafi a karkace. Layi na biyu ya ɗan shige ciki, kamar surukin da ya zo gaisuwa ya ƙi ƙarasowa.

Wadda ke buga mini ƙawata ce, tana da shagon kwamfuta kusa da kasuwar Wurno, kuma daga katin biki har kundin digiri babu abin da ba ta bugawa. Da muka jera manazartan sai ta ja kujera baya ta yi ta dariya. Rabin mutanen da na karanta sunan garinsu suke sakawa a ƙarshe, don haka jerin ya fito da Goronyo uku, Rabah huɗu, Wurno biyar.

"Wanga ai tasha ta, ba manazarta ba," in ji ta. "Saura ɗan kamasho."

Biyu daga cikin Rabah ɗin harafinsu ɗaya, shekararsu ɗaya. Na ɗauka mutum ɗaya ne mai ƙwazo, na haɗe su. Daga baya na gano ɗaya dattijo ne, ɗayar kuma mace ce mai goyo, ba su ma san juna ba. Muka raba auren, muka gyara waƙafi ɗai-ɗai har idona ya fara ganin su a cikin tuwo.

Bayan wata biyu maƙalar ta dawo da sharhin mai dubawa. Ya yaba, ya gyara nan da can, sannan a ƙasa ya ja layi biyu ya rubuta cewa wannan dabara ta fangali wani malamin kwaleji ya riga ya yi bayaninta a wata mujalla. Dole in ambace shi a duk inda na yi maganar dabarar, in kuma sa shi a jerin manazarta. In ba haka ba, za a ɗauki aikin a matsayin satar fasaha, ba za a buga ba.

Malamin kwalejin nan ɗana ne. Ɗana na fari.

Na san da maƙalar tasa. Ya kawo mini kwafi shekarun baya, na naɗe saman shafin inda sunan yake, na karanta sauran. A ciki ya ce ya ga wannan dabara wurin "wata malama a wata firamare ta karkara". Ni ce wata malamar. Ina zana fangali a filin makaranta tun yana jiƙa mini tabarma, yau kuma ni ce ɓarauniyarsa.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Mahaifiyata Bafulatana ce ta Tursa, kuma yadda ta tashi haka ta tashe ni: mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Wasu matan yanzu sun sassauta, ni ban sassauta ba. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba, hannuna bai taɓa rubuta shi ba. Da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi zuwa Tursa, daga nan kowa ya koma ce masa Na Inna. Shi kuma Malama yake ce mini, har yau da yake da furfura biyu-uku a gemu.

Da ya isa aji uku ya dawo gidanmu, kuma aka yi rashin dace ni ce malamar ajin. Kowace safiya ina kiran rajista, yaro ya ji sunansa ya ce na'am. In na iso kan nasa sai in yi tari, in ɗaga ido in gan shi, in sa alama, in wuce. Shekara guda ina tari a wuri ɗaya. Hedimasta har jiƙon bagaruwa ya aiko mini. Yaran ajin kuwa suka gane, in suna nemansa a filin ƙwallo sai su yi tari, shi kuma ya waiwaya. A lokacin abin dariya yake ba ni.

To yanzu dubi abin da mujalla ke nema. Yaron nan bai bi sahun masu sa sunan gari ba, sunan ubansa ya sa a ƙarshe. Wato a cikin baka biyu in rubuta sunan maigidana, wuri tara. A jerin manazarta kuma in sake rubuta shi, in sa waƙafi, in ɗora harafin ɗan fari a gefensa. Sunaye biyu kacal na haramta wa kaina a duniya, kuma ƙa'ida ta tattaro su a layi ɗaya.

Na fara da dabara. Na sa ƙawata ta buga "wani masani" da shekara a cikin baka biyu. Editan mujallar, mutum mai ladabi da taurin kai, ya turo saƙo ta waya: wane masani? Na canza zuwa "wani malamin kwaleji a Sakkwato". Ya ce malaman kwaleji a Sakkwato sun fi ƙarfin baka biyu. Na sa "Na Inna". Ya ce ya duba ko'ina bai ga marubuci mai wannan suna ba, ko daga wata ƙasa yake?

Ana nan sai na gano a shafi na uku na ƙa'idojin cewa in marubuta suna da yawa, akan ɓoye wasu a ƙarƙashin "da sauransu". Zuciyata ta yi fari. Na kira ɗan nawa, ba tare da na gaya masa dalili ba.

"Takardar ga taka ta fangali, kai kaɗai kar rubuta ta?"

"Ni kaɗai, Malama."

"Dut makarantarku ba ka samu mutum ukku da za su shiga gabanka ba?"

Sai ya tambaya ko lafiya nake. Na ce lafiya lau, na kashe wayar.

Ranar Asabar na shiga motar Rabah, daga can na hau mashin zuwa Tursa. Inna ta tsufa ƙwarai amma kanta garau yake. Na zauna kusa da ita tana ɓarar wake, na kwashe labarin duka na gaya mata, har da waƙafi.

"Su mutanen ga ba su san sunanai ba?" ta tambaya.

"Sun sani, Inna."

"To mi suka so da ke?"

Na ce so suke in faɗa musu abin da suka sani, don su tabbata ni ma na sani. Ta daɗe tana kallona, kamar tana lissafin shekarun da na ɓata a boko.

"Wa ka buga miki takardun?"

Na ce ƙawata.

"Ta buga ke nan. Ke ki hita waje. Hannunta na, ba bakinki ba."

Haka aka yi. Ran Litinin na je shago na ce wa ƙawata ta sa sunan maigida a wurare taran, ta sa yaron a jerin manazarta. Ta nemi kwafin maƙalarsa don ta kwafa, na ba ta. Sai dai kwafin hoto ne na wancan da na naɗe wa kai, saboda haka sunan bai fito ba. Ta ce ba komai, wa ye bai san su ba a Wurno. Ni kuma na fita na tsaya a rana kusa da buhunan albasa, mace mai jiran digiri na biyu, ina jin ƙarar madannai ina kawar da kai kamar ana yi wa wani kaciya a ciki.

Kafin la'asar labari ya kai wa maigida a majalisarsu. Mutum ne da bai taɓa rubuta abin da ya fi wasiƙa ba, aikinsa gona da lambu. Ya shigo gida da fara'a.

"An ce sunana ya shiga littahin jami'a."

Na ce ba jami'a ba ce, kwaleji ce, kuma ba shi ake nufi ba.

"Sau nawa?"

Na ce goma, in an haɗa da na ƙarshe.

"Mi anka ce nic ce?"

Na fassara masa: wane ya nuna cewa yaran manoma sun fi saurin gane lissafi in an haɗa shi da aikin gona. Ya gyara zama, ya shafa gemu.

"Ban tuna ranar da nif faɗi haka ba," ya ce, "amma gaskiya ta. Ina nan kan bakana."

Daga ranar a majalisa suka koma ce masa Furofesa, kuma bai hana ba.

Edita ya karɓi maƙalar. Bayan makonni ya aiko da shafukan gwaji, wato yadda za ta fito a mujalla, in duba in sa hannu. Na duba kowane waƙafi da kowace aya. Amma duk inda na hango baka biyu na tafe sai in ɗora babban yatsa a kai in tsallake, haka ma layinsa a jerin manazarta. Na sa hannu na mayar, na fara tunanin inda zan buga ƙusa a bango.

Ranar Alhamis da hantsi edita ya kira. Ya ce akwai matsala a layi ɗaya. Harafin da ke bayan waƙafi ba na marubucin ba ne, an sa N.

Na tafi shago da saurina. Ƙawata ta buɗe shafin ta duba, ta ce ita ba ta ga kuskure ba.

"Na Inna. N. Ko ba haka ba?"

"Sunanai na yanka anka ce."

Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tsaya. Ta dubi rufi. Ta leƙa ta tambayi tela na kusa da ita, ya ce Na Inna dai. Mai shayi ya ce Na Inna, ɗan gidan Furofesa. Wani dattijo da ya ce ya ci naman sunan ma ya kawo sunaye uku, ya ce a zaɓi ɗaya. Ƙawata tana dariya, tela yana dariya, ni ma na fara, sai dariyar ta maƙale mini. Yaron nan a garin nan ya girma, ya yi karatu, ya rubuta abin da ake ambato a mujallu, kuma a kasuwar garinsu babu wanda ya riƙe sunansa. Ba kowa ya jawo haka ba sai ni.

Na kira edita na ce ai ya san marubucin, ya gyara kawai. Ya ce ƙwarai ya san shi, tare ma suke shan shayi a wurin taro. Amma ƙa'ida ta ce gyara daga marubucin maƙala yake fitowa. In soke harafin da jan biro, in rubuta cikakken sunan a gefe da hannuna don a tabbata, in sa hannu, in aiko kafin ran Litinin da za a kai wa maɗaba'a. In ban aiko ba, za a cire maƙalar, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Fitowa ta gaba kuwa bayan an rufe karɓar takardun 'yan ajinmu ne.

Ya sake turo shafin, ƙawata ta fitar mini da shi a takarda, ya kwana biyu a kan tabarmata da jan biro a kansa. In ɗauka, in ajiye. Maigida ya ce a kawo ya rubuta, tunda dai shi ma yana ciki. Na ce edita ya san rubutuna, ya gan shi a takardu har ya gaji.

Ran Asabar da rana sai ga ɗan nawa ya zo gaisuwa, kamar yadda yakan yi a ƙarshen wata. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, na amsa ina kallon wani wuri, yadda muka saba. Ina cikin zuba masa fura idonsa ya faɗa kan shafin. Malami ne, ba ya iya ganin takarda ya ƙyale. Ya ɗauka, ya bi jerin da yatsa, ya wuce Goronyo, ya zo kan layinsa.

Ya yi dariya sosai, har ya ajiye ludayi. Na ba shi labarin wani masani, da sauransu, da tsayuwata a rana, da Furofesa. Yana ta dariya yana share ido. Daga baya dariyar ta ƙare, shi kuma bai daina kallon harafin ba.

"Ko cikin mujalla ma Na Inna nike," ya ce.

Na sa hannu na kori ƙuda daga bakin kwano.

"Malama, kin san da nir rubuta tawa, sunanki nis sa? Cikakke. Sunka ce ƙa'ida ba ta yarda a bayyana wanda anka yi nazari a kansa ba, sai dai a ce wata malama. Wata ukku muna ja da su. Nic ce dabarar tata ta, ba tawa ba. Sunka ce ko in cire, ko su cire takardar." Ya ajiye shafin a hankali. "Ni sun hana ni hwaɗin naki. Ke kuma roƙonki suka yi."

Bai faɗa da fushi ba, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni, ba irin wadda Inna ta koya mini ba, wata daban mai zafi. Na tuna yaro ɗan shekara takwas a layi na biyu, ya miƙe zaune tun ana saura mutum biyu a zo kansa, bakinsa a shirye, ni kuma in yi tari in wuce. Sau ɗari da wani abu na yi masa haka, ban taɓa tambayar kaina me yake yi da amsar da ya shirya ba.

Ya miƙa hannu zai ɗauki biron. "Kawo in rubuta. In kwaikwayi hannunki, ba mai ganewa."

Na riga shi ɗauka.

Na ɗora shafin a kan murfin kwano. Na soke N da layi ɗaya, yadda ƙa'ida ta ce. Hannun da ya kusa shekara talatin yana rubutu a allo, sai ga harafin farko ya fito a karkace kamar sunan littafi. Na rubuta na biyu, na uku, har ƙarshe. Ashe gajeren suna ne. Ban taɓa lura da tsawonsa ba sai ran nan. Na sa hannu a ƙasa, na tura masa shafin ba tare da na dube shi ba, na ce ya duba ko akwai kuskure, tunda shi ne masanin.

Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda kalma ɗaya ke bukata. Furarsa tana gefe, ƙuda na zagaya ta. Sannan na ji ya gyara zama, ya miƙe baya.

"Na'am, Malama," ya ce.